Shirun Usta Wahba

Usta Wahba ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar gyaran jirage ta Bur Fu'ad, bai taɓa sakin kaya a kan mutum ba. Ban san yabon da za a yi wa ma'aikaci da ya wuce wannan ba. Ni a cikin jirgin fito na yi nawa aikin, can ƙasa wajen inji, cikin zafi da warin baƙin mai, muna kai mutane Bur Sa'id muna dawo da su har kunnena ɗaya ya mutu. Ba a wurin aiki muka san juna ba. A teburin wasan karta na birij muka haɗu, a barandar bayan gidan shayin da ke kusa da mafitar jirgi. Tun ranar da na zauna ina fuskantarsa ban sake wani abokin wasa ba.

Wajen wani Bagirike ya koya, ubangidansa a kan injin, tun Turawa na riƙe da mashigin ruwan da manyan jirage ke bi. Kafin mutumin ya tattara ya koma ƙasarsu ya koya masa yadda ake auna kaya kafin a ɗaga, da yadda ake auna hannun karta kafin a buɗe baki. Wahba bai taɓa yarda cewa darasi biyu aka ba shi ba.

Birij mutum huɗu ke yin sa, biyu a kan biyu. Abokinka yana gabanka, abokan hamayya ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowa da karta goma sha uku. Kala huɗu ce, daga babba zuwa ƙarama: bastoni, kubba, dinari, sibati. Kafin ko ɗaya ta taɓa tebur sai an yi tayi, bi da bi. Ka faɗi kalar da kake so ta yi mulki da yawan abin da kake ganin kai da abokinka za ku kwasa, ko kuma ka ce ka wuce. Wanda tayinsa ya fi tsada shi zai cika abin da ya faɗa, in ya kasa ya faɗi. Lissafin nauyin hannu kuwa ba wuya. Manyan karta huɗu ne ke da maki: as huɗu, tsoho mai gemu uku, yarinya biyu, yaro ɗaya. In ka tara sha biyu ka isa buɗe tayi. Haka kowa ke cewa.

Ban da Wahba.

"Tan goma a gindin inji daban, tan goma a ƙarshen hannun inji daban," in ji shi. "Na farko ka ɗaga kana kurɓar shayi. Na biyu ya kife da kai cikin ruwa."

A wajensa tsoho shi kaɗai a kala, babu ƙaramar karta da za ta tsare shi, kaya ne a ƙarshen hannun inji, as na faɗowa a kansa ya tafi. Yarinya nan, yaro can, warwatse a kala huɗu, wannan ba ya kiransa nauyi, tarkace yake ce masa. Amma as da tsoho manne da juna a kala mai tsawo, da ƙanana biyar a bayansu, ko makin bai cika sha biyu ba zai buɗe. Yakan duba inda nauyin ya zauna kafin ya duba yawansa. Na yi shekaru ina ganin ya wuce da sha biyu, ya buɗe da sha ɗaya, kuma ban tuna ranar da ya ja ni cikin ruwa ba.

Sauran biyun na teburin su ne Hajji Atwa da Lutfi Afandi. Atwa ɗan bambuti ne, masu loda haja a kwalekwale su je su sayar wa ma'aikatan manyan jirage. Ya saba da ihu daga ƙasa zuwa saman jirgi, bai san yadda ake magana a hankali ba, kuma tayi yake yi kamar yadda yake ciniki, ya fara faɗa sannan ya duba abin da ke hannunsa. Lutfi kuwa a ɗakin sigina ya yi aikinsa, shi ke ba jirage hannu su shiga mashigi. Siriri ne, kullum da kwat ko ana zafi, ba ya ƙarya ko ta wasa, shi ya sa ba kowa ke jin daɗin zama da shi ba. Yadda suka yi shekaru suna wasa tare da Atwa ba su kashe juna ba, Allah ne ya sani.

"Usta, sha biyu fa gare ka!" Atwa zai ce bayan an gama hannu. "Sha biyu ka wuce! Ni da takwas na buɗe."

"Mun gani, Hajji. Mun kuma ga inda ka kwana."

"Matsoraci. Da kai ne a kwalekwalena da yunwa ta kashe iyalina."

"Da kai ne a kan injina da yanzu ana karanta maka Fatiha, kai da mutum goma."

In an kira sallar la'asar mu uku mukan tashi, shi Wahba da yake Kirista ne Kibɗawi ya zauna gadin tebur. Kartar kowa na kife a gabansa. Atwa kan bar tasa a karkace da gangan don ya gwada shi, ya dawo ya tarar an ɗora mata farantin shayi.

Wannan riƙon amana shi ne abin da ya fi ƙarfi a wajen Wahba, ya fi masa lissafin maki. A birij ba ka da hanyar gaya wa abokinka abin da ke hannunka sai ta tayi. Ba tari, ba ɗaga gira, ba sauya murya. Har jinkiri magana ne. In ka daɗe kana tunani sannan ka ce ka wuce, ka gaya wa abokinka cewa saura kaɗan ka isa buɗewa, kuma ba ta hanyar da aka yarda ba. Doka ta ce a nan abokin naka ya yi kamar bai gani ba. In yana tsakanin ya yi tayi ko ya bari, dole ya bari, don kada ya ci ribar shirunka. Wahba bai taɓa jefa ni cikin wannan ba. Zai jera kartarsa, ya dube ta sau ɗaya, ya yi magana, ko hannun cike yake ko wayam, da murya ɗaya da sauri ɗaya. Fuskarsa kamar bangon tashar jirgi.

Lokacin yaƙi, da aka kwashe mu daga garin aka zuba mu a bukkokin shan iska na Ra'as al-Barr, mu huɗu muka tsinci kanmu a layi ɗaya. Ba aiki, ba gida, sai jiran labari a rediyo. Karta ɗaya gare mu, ita ma bakwai ɗin sibati ta ɓace a hanya. Wahba ya yanko kwalin taba ya zana wata. Atwa ya ce shi ke nan, a raba. Wahba ya ce a'a, ai kowa zai gane ta daga baya, duk wanda ta faɗa hannunsa an san karta ɗaya daga cikin sha ukunsa. Ya samo takardar buhun siminti da gari ya dama, ya zauna ya manne bayan duka hamsin da biyun, ɗaya bayan ɗaya, ya danne su da dutse har suka bushe. Kartar ta yi kauri, gauraya ta sai da ƙarfi, tana warin ƙullu. Da ita muka yi wasa har aka ce mu koma gida.

Bayan ya bar aiki da 'yan shekaru ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da safe abin ya same shi, yana ɗaure takalmi zai tafi coci. Ɗansu Makram yana Kuwait, sai matarsa, Umm Makram, ita ta yi ta fama. Ya fito daga asibiti da sanda, hannun hagu a naɗe a ƙirji, baki ya ɗan karkace. Likita ya ce magani ɗaya ya rage, tafiya. Ya sauko daga bene kullum ya taka, in ba haka ba ƙafar za ta bi hannun. Umm Makram ta yi lallashi ta yi faɗa. Coci ma mota yake so. Wuri ɗaya ne ya yarda ya je da ƙafarsa, gidan shayi, don can tebur yake.

Matsalar farko mai sauƙi ce, hannu ɗaya ba ya riƙe karta sha uku ya kuma zaro ɗaya. Na samo tsohon buroshin wanke daɓen jirgi, na cire masa sanda, na wanke shi da kananzir da sabulu, na ajiye shi a gabansa gashin na kallon sama. Ya soke kartarsa a ciki suka tsaya cak suna kallonsa. Ya duba buroshin, ya dube ni.

"Yana warin jirginku," ya ce.

Godiyarsa ke nan, ni ma ban nemi wata ba.

Wasan kansa bai taɓu ba. Yana tuna duk kartar da ta fita kamar da. Lissafin ne ya yi nauyi. In hannun wayam ne, kallo ɗaya zai ce ya wuce. In cike yake, nan ma ba ya daɗewa. Amma in ya faɗo tsakiya, sha ɗaya ko sha biyun nan da sai an duba inda nauyi ya zauna, sai ka ga leɓensa na motsi, yatsansa na bin karta ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Mu uku mu yi ta kallon jirage. Can sai ya ce, "Na wuce." Kuma duk wanda ke teburin ya san abin da ke cikin buroshin nan kamar an juyo masa shi.

Ni dai na bi doka. Duk sanda ya daɗe ya wuce, in hannuna na shakka ne sai in ja bakina. Muka yi ta faɗuwa a hannuwan da da namu ne. Ban damu ba, mutum yana saukowa daga bene yana takowa har bakin ruwa, wannan ya ishe ni.

Wata la'asar shi ya raba. Ya daɗe ƙwarai, ya ce ya wuce. Lutfi ya buɗe da kubba ɗaya. Ni ina da bastoni shida, tsoho da yaro a samansu, maki bakwai. Hannu ne da wani zai shiga wani zai bari, ni kuwa duk garin an san shiga nake yi. Na wuce. Atwa ya ƙara zuwa kubba biyu, aka zagayo kaina, na sake wucewa. Suka yi abinsu suka cika. Da aka gama, Wahba bai tattara karta ba.

"Mitwalli, bastoni shida gare ka."

"Shida ne."

"Da tsoho da yaro."

"E."

"Yaushe ka fara wucewa da irin wannan?"

"Tsufa ne, Usta. Na koyi tsoro a wajenka."

Bai yi dariya ba. Ya juya wajen Lutfi, don ya san inda ake samun amsa.

"Afandi, shiruna yana magana?"

Atwa ya taka ƙafar Lutfi a ƙarƙashin tebur, har tebur ya motsa. Lutfi ya gyara kwat ɗinsa.

"Yana yi, Usta. Tun ranar da ka dawo."

"Kai ma kana karanta shi?"

"Ina ƙoƙarin kada in yi. Ba kullum nake iyawa ba."

"Kai, Allah ya shirye ka!" Atwa ya daka masa tsawa. "Wa ya tambaye ka? Usta, rabu da wannan sandar sigina. Wasa ne fa tsakaninmu, ba kotu ba. Ka yi tunani har magariba in ka so, wa ya damu?"

Wahba ya kife kartar da ke gabansa. Ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar. Na tashi zan kama shi ya ture hannuna.

"Ko in cuci su, ko in ɗaure maka hannu," ya ce da ni. "Ba na ɗaga kayan da na san igiyarsa ta tsinke."

Ya bar buroshin a kan tebur ya tafi. Washegari bai zo ba, jibi ma haka.

Atwa ne ya fara zuwa gidan, da gasasshen kifi a takarda da surutunsa. Ya rantse masa ba wanda ya damu, an yafe masa dokar. Wannan ne ya ƙara ɓata abin. Wahba ya ce shi ba ya zama a teburin da aka sassauta doka don tausayinsa, in sadaka yake so ya san ƙofar coci. Ya ci kifin dai.

Ni da na je ban iya lallashi ba, sai na duba famfon kicin ɗinsu da ke ɗiga na gyara. Yana zaune a kujera bakin taga, gemu ya fito fari, sandar na jingine can nesa da shi. Umm Makram ta biyo ni bakin bene, ta kira ni da sunan 'yata kamar yadda ta saba.

"Abu Nawal, tun ranar nan bai taka matakala ba. Ƙafar ta fara kumbura. Kullum sai ya sa in raba masa karta a kan tire, yana gwada lissafi da sauri. In ya ga bai iya ba ya ture tiren."

Na koma ciki na ce masa, to ya riƙa daɗewa a kowane hannu mana, mai kyau da maras kyau, sai a kasa ganewa.

"In zauna ina motsa baki a kan hannu wayam kamar mai tunani?" ya ce. "Ku uku kuna magana da sauri, ni kaɗai ina wasan kwaikwayo? Wannan ma ƙarya ce, Mitwalli, doka ta hana. Je ka nemi abokin wasa mai lafiyayyen kai."

Ban nemi kowa ba. Mu uku muka riƙa zama a baranda muna shan shayi, karta na cikin kwalinta. Atwa ya daina yi wa Lutfi magana, sai dai ya ce da ni, "Gaya wa abokinka ya miƙo sukari."

Ran nan Lutfi ya zo ya ajiye wani abu a kan tebur. Ƙaramin agogon yashi ne, irin na dafa ƙwai, na marigayiya matarsa. Ya ce in buɗe masa shi in rage yashin. Na ce har ina? Ya ce shi zai gaya mini. Na kai shi gida na huda murfin katakon, washegari muka zauna ina zubarwa kaɗan-kaɗan yana juyawa yana kallo, idonsa a rufe rabi, kamar mai jiran jirgi ya wuce alama. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna tafiyar jirage ya san tsawon tunanin Wahba mafi tsawo ba tare da ya duba agogo ba. Da muka kai wurin ya ce in bar ɗan ƙari a kai. Na toshe hudar da kakin zuma.

"Daga yau," in ji Lutfi, "duk wanda juyi ya zo kansa, a kifa wannan. Ya kalli kartarsa, ba zai yi magana ba sai yashi ya ƙare. Kowa. Kowane tayi."

Atwa ya manta ba ya yi masa magana. "Kowane tayi? Ni ma? Ai kafin a gama hannu ɗaya na mutu an yi arba'in!"

"Ayarin jirage da tafiyar mafi nauyi yake tafiya, Hajji. Ba a taɓa barin kwalekwale ya yi gaba don yana da gaggawa ba."

Saura yadda za a kai wa Wahba. In aka je da baki zai ce sadaka ce aka sake wa riga. Don haka ba mu je da baki ba. Gidansu tsohon gidan katako ne na ma'aikata, suna hawa na farko, barandarsu na kallon titi. Muka ari tebur da kujeru huɗu wajen mai kantin ƙasa, muka kafa a gefen titi daidai ƙarƙashin tagarsa. Atwa ya ce a shirya wa Wahba hannu mai as huɗu yadda zai gangaro da gudu. Lutfi ya dube shi kawai, ya gauraya karta sosai ya ba shi ya yanke, ya raba huɗu. Kaso na huɗu ya soke shi a buroshi ba tare da ya gani ba, ya ajiye a gaban kujerar da ba kowa.

Lutfi ya raba, shi ne farko. Aka kifa agogo, ya kalli kartarsa har yashi ya ƙare, ya ce ya wuce. Aka kifa mini, na jira, na wuce. Aka kifa wa Atwa. Ya yi ta karkaɗa ƙafa yana hura hanci kamar injin da aka taka wa birki, yashi na ƙarewa ya ce, da muryar da ake ji a Bur Sa'id, "Na wuce! Ku shaida, Atwa ya wuce!"

Juyi ya zo kan kujerar da ba kowa. Lutfi ya kifa agogo. Yashi ya ƙare. Ya sake kifawa.

Na san yana bakin taga, na ga inuwarsa. Can sai muka ji ƙarau, an ja ƙyauren taga an rufe.

Muka zauna kamar wawaye. Masu wucewa na tsayawa suna tambaya ko gidan shayi ya ƙone ne. Atwa ya ce mu tashi, mutumin nan kansa ya fi ƙarfen injinsa tauri. Lutfi ya ce hannun da aka raba ba a zubar da shi sai kowa ya yi magana. Gab da magariba Umm Makram ta sauko da tire, shayi uku da na'ana'a. Ta ajiye, ta tsaya tana goge hannu a jikin riga.

"Ya ce a gaya wa Hajji ya riƙe kartarsa kusa da ƙirji. Wai ana hango ta daga sama. Shi ya sa ya rufe taga."

Na dubi Lutfi, ya dube ni. Wanda ba ya cikin wasa ba ruwansa da ganin kartar wani.

Lutfi ya ɗaure kowane kaso da zare daban, ya zuba a aljihun kwat. Washegari bayan la'asar muka dawo, kowa ya karɓi nasa, na huɗu ya koma buroshi. Taga na rufe. Aka kifa agogo. Ban san sau nawa aka kifa shi ba, shayina dai ya huce. Sai na ji ƙwas, shiru, ƙwas, shiru, a matakalar katako. Na yunƙura zan tashi, Lutfi ya riƙe mini hannun riga. Ya daɗe kafin ya iso ƙasa. Ya fito ya yi aski, ya yanke kansa a haɓa wuri biyu, rigarsa a goge. Ya ja kujera da ƙafarsa mai lafiya ya zauna, yana haki.

Bai gaishe mu ba. Agogon ya kalla.

"Wannan don ni aka yi."

"Wa ya manne bayan karta hamsin da biyu a Ra'as al-Barr saboda guda ɗaya?" in ji Lutfi.

Wahba ya sake duban agogon. Sannan ya nuna Atwa da haɓa. "Shi ma yana jira?"

"Jiya na jira, duk unguwa ta shaida," in ji Atwa. "Hawan jinina a wuyanka, Usta."

"Ina aka tsaya?"

"Uku sun wuce. Kai ne na ƙarshe."

Ya jera kartarsa da hannu ɗaya, kala-kala. Lutfi ya kifa agogo. Kujera ta huɗu tana da nata hukunci: in uku sun wuce kai ma ka wuce, hannun ya mutu, a zubar a sake rabawa. In ka buɗe kuma, ka buɗe wa kowa ƙofa, har abokan hamayya. Na kalli yashi na kalli fuskarsa. Ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, don kada a ga leɓe. Idonsa na kan karta tun daga farko har ƙwayar ƙarshe ta faɗa. Ko wayam ne, ko cike, ko tsakiya, wallahi ban sani ba. Rabona da rashin sanin abin da ke hannunsa tun kafin ciwon.

Yashi ya ƙare.

"Na wuce," ya ce.

Atwa ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi. "Ka wuce? Kwana biyu muna gasuwa a titi, mai kanti na dariya, ka sauko da ƙafa ɗaya don ka ce ka wuce? Juyo buroshin nan in gani!"

Hannun ya riga ya mutu, don haka Wahba ya juyo shi. Tsohon bastoni shi kaɗai. Yarinya da yaro a kubba, yarinya da yaro a dinari, tsohon sibati da ƙanana. As ko ɗaya babu.

"Sha biyu!" Atwa ya ƙirga da yatsa. "Sha biyu cif! Jama'a ku zo ku gani!"

"Tarkace," in ji Wahba. "Ba as, ba bastoni. In na buɗe, Afandi ya shigo da bastoninsa ya hau kaina, in zama na ɗaga muku kaya kyauta. Nuna naka, Afandi."

Lutfi ya baje nasa. Maki sha ɗaya, bastoni biyar da as da yarinya.

"Ɗaga kujerarka ka zauna, Hajji, kana tara mana mutane. Mitwalli, rabonka ne. Raba."

Na raba. Hannu uku kawai muka samu yi kafin a kira magariba, don agogon nan yana cin lokaci ba kaɗan ba, kuma Atwa ya zage shi a kowane juyi. Da muka tashi sallah Wahba ya zauna gadin tebur. Muka dawo muka tarar da kofin shayi a kan kartar Atwa.

Muna mayar wa mai kanti kujerunsa ya ce, "Gobe a gidan shayi. Nan ƙuda ya yi yawa, kuma matar bene na biyu tana kallon hannuna."

Na ce zan zo da mota. Ya ce in zo da ƙafata.

Washegari na same shi a ƙofar gida ya riga ya sauko. Daga nan zuwa bakin ruwa ba nisa, amma jirgin fito ya je Bur Sa'id ya dawo muna hanya. Shi a gaba da sandarsa, ni a baya da buroshi a hammata. Ban kama shi ba, bai kuma nema ba.